Yadda Za Ka Auna Halinka da Gidaje Tara na Wasan Dungeons & Dragons

Duk mai yawan leƙa Facebook ya taɓa cin karo da wani zane mai gida tara, uku-uku a jere, an liƙa hoton ɗan ƙwallo ko ɗan siyasa a kowane gida. Yawancin masu tura shi raha suke yi. Ni kuwa ina ganin zanen ya wuce abin raha, domin yana raba tambayoyi biyu da muke cakuɗawa duk lokacin da muka ce wane mutumin kirki ne. Ta farko, yana tsayawa kan ƙa'ida? Ta biyu, yana jin ƙan mutane? Akwai mai ta farko ba shi da ta biyu, akwai mai ta biyu ba shi da ta farko, kuma da yawanmu ba mu taɓa zama mun duba wacce muke da ita ba.

Zanen ya fito ne daga wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. A zaune ake yin sa. Kowane ɗan wasa yana ƙirƙirar jaruminsa, ya rubuta a takarda sunansa da sana'arsa da ƙarfinsa da ɓangaren da halinsa ya karkata, sannan mutum ɗaya ya riƙa ba da labari, sauran suna faɗin abin da jarumansu za su yi. Da farko ɓangarori uku ne kawai: masu tsari, masu watsi da tsari, da 'yan tsakiya. Daga baya aka ƙara ma'aunin alheri da mugunta, har ya zama gida tara a littafin 'yan wasa na 1978. An rage su zuwa biyar a bugun 2008, aka dawo da taran a na 2014.

Abin da ya fi burge ni a tsohon tsarin wasan shi ne, abin da ɗan wasa ya rubuta a takardarsa ba shi ne ƙarshen magana ba. Mai ba da labarin yana lura da ayyukan jarumin. Idan ka rubuta cewa jaruminka mai alheri ne amma kullum yana kwashe kayan ƙauyawa, to za a sauya masa gida, yana so ko ba ya so. Akwai ma wani rukunin jarumi da dole ya kasance mai ƙa'ida mai alheri, kuma idan ya aikata mugunta da gangan, matsayinsa ya tafi. Wannan dabarar za mu ara. Ba sai ka buga wasan ba, ba sai ka san dodanninsa da tsafe-tsafensa ba. Takarda da biro sun isa. Kuma duk inda na ce "ka", 'yar'uwa ki karanta da "ki".

Mataki na farko: zana gidajen

Ja layi biyu a tsaye, biyu a kwance. A saman takardar, daga hagu zuwa dama, rubuta: mai ƙa'ida, mai duba yanayi, mai gaban kansa. A gefe, daga sama zuwa ƙasa, rubuta: mai alheri, ɗan ba-ruwana, mugu. Shi ke nan. Kada ka sa sunanka a ko'ina tukuna, domin hannunka zai ja ka zuwa layin sama.

Mataki na biyu: tara hujja

Nan aikin yake, kuma nan mutane suke gudu. Juya takardar ka rubuta abubuwa goma zuwa sha biyar da ka aikata da gaske, kowanne a layi ɗaya ko biyu. Ba ra'ayinka ake so ba, ba kuma abin da za ka yi da a ce kaza ta faru ba. Ana son abin da ya riga ya faru, wanda kana da zaɓi a cikinsa, kuma ɗaya daga cikin zaɓin yana da tsada a gare ka: kuɗi, ko lokaci, ko mutunci, ko fushin wani babba. Gaisuwa da fara'a ba sa shiga lissafi, don ba sa cin komai.

Idan tunani ya ƙi zuwa, koma lokutan da aka shiga matsi, domin a nan hali yake fitowa fili. Mu a Kebbi ba mu rasa irinsu ba. Lokacin da ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa, kana bin wani bashi? Me ka ce masa? A farkon 2023 da aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, idan kana da tsabar kuɗi a hannu, nawa ka ɗora wa mai neman dubu biyar? Bayan cire tallafin mai a shekarar 2023, idan kai ɗan kabu-kabu ne, ka taɓa ɗaukar tsohuwa a tsohon farashi, ko ka taɓa ninka wa baƙo saboda bai san gari ba? Sai kuma na yau da kullum: adashin da ka kwasa da wuri, ka ci gaba da zubi ko sai an yi ta bin ka? Canjin da mai shago ya ba ka fiye da kima. Layin taki, layin asibiti, satar amsa a jarrabawa, sirrin da aka ba ka amana, rabon gadon da aka sa ka a gaba.

Ka tabbata aƙalla uku daga ciki abubuwa ne da babu wanda ya gan ka. Ka kuma tabbata akwai waɗanda ba ka son tunawa. Jerin da duk abin yabo ne bai cika ba.

Mataki na uku: auna kowane aiki da ma'aunin ƙa'ida

Kafin ka fara, sai ka warware wata matsala da 'yan wasan kansu sun daɗe suna gardama a kai: ƙa'idar wa? Mutumin Birnin Kebbi ko Yawuri ko Zuru yana rayuwa ne ƙarƙashin dokoki da yawa a lokaci guda. Ga addini, ga dokar ƙasa, ga umarnin mai unguwa da hakimi, ga maganar iyaye, ga ƙa'idar ƙungiyar sana'a, ga alkawarin da ya ɗauka da bakinsa. Wani ba ya wasa da sallah amma bai taɓa bin layi ba. Wani takardunsa na mota a cike suke amma alkawarinsa ba ya kai gobe. Saboda haka tambayar ba ita ce ko ka taɓa karya doka ba. Tambayar ita ce: idan ƙa'idar da ka yarda tana kanka ta ci karo da abin da ranka ke so, wanne ke rinjaye?

Ɗauki kogin Matan Fada a Argungu. Ana hana kamun kifi a wurin har sai lokacin biki, kuma ranar babban kamun masunta suna jeruwa a bakin ruwa da homa da gora, ba mai shiga sai an ba da alama. Ka dubi mutum uku a cikin jerin. Na farko yana jira ne saboda haka aka gada, kuma ko da Sarkin Ruwa ya juya baya ba zai tsoma ƙafa ba. Idan na kusa da shi ya matsa gaba, shi zai riƙo shi. Na biyu yana jira saboda kowa na jira, amma da zarar ya ga jama'a sun ɓalle kafin lokaci, shi ma ya bi. Na uku a ransa yana ganin ruwa na Allah ne, bai ga dalilin da wani zai sa masa lokaci ba, kuma idon jama'a ne kaɗai ya tsayar da shi. Na farko mai ƙa'ida ne, na biyu mai duba yanayi, na uku mai gaban kansa. Ka lura, har yanzu ba mu san wanne ne mai tausayi a cikinsu ba. Idan wani ya fara nutsewa, mai yiwuwa na ukun ne zai fara jefar da homarsa ya je ceto.

To, bi jerinka ɗaya bayan ɗaya. Inda ka tsaya kan ƙa'ida ko alkawari duk da ka yi asara, sa harafin Ƙ. Inda ka ture ƙa'idar ka bi abin da kake gani daidai ko abin da kake so, sa G. Inda ka bi ta don ta yi maka daɗi ko don ana kallo, sa Y. Wannan na ƙarshen shi ne mutane suke yawan rubuta wa Ƙ. Bin doka a gaban ɗan sanda ba ya nuna komai.

Kada kuma ka ɗauka G zagi ne. Ma'aikaciyar jinyar da ta fara duba mai naƙuda kafin a yanki kati ta yi gaban kanta, kuma kowa ya san ta kyauta.

Mataki na huɗu: auna su da ma'aunin alheri

Koma kan jerin daga farko, da tambaya ɗaya: wa ya amfana, wa ya cutu? Inda ka ɗauki asara don wani ya samu sauƙi, sa A. Inda ka samu naka ta hanyar cutar da wani, kana sane, sa M. Inda ba ka cuci kowa ba, ba ka kuma ɗauki nauyin kowa ba, sa B.

Abu biyu suke ɓata wannan awon. Na farko, lissafa hidimar iyali a matsayin alheri. Ciyar da 'ya'yanka da kula da mahaifiyarka wajibi ne kuma akwai lada, amma ba shi ke bambanta gidajen nan ba, domin azzalumi ma yana son 'ya'yansa. A wasan ma haka ake kallon ɗan tsakiya: yana kyautata wa nasa, ba ya cutar da bare, amma ba ya wahala dominsa. Ka fi mai da hankali kan yadda ka yi da wanda ba zai iya rama maka ba: almajirin da ke yi muku wanke-wanke, 'yar aikin gida, lebura a gona, ɗan gudun hijira, baƙon da ba ya jin Hausa.

Na biyu, ɗaukar cewa mugu sai mai bindiga a daji. Wanda ya buga gindin mudunsa ya shige ciki, yana auna wa mata gero da shi a kasuwa, bai zubar da jinin kowa ba, amma sura guda ta Alƙur'ani, Muɗaffifina, da gargaɗin irinsa ta buɗe. Haka mai zuba lalatacciyar albasa a ƙasan buhu ya rufe da mai kyau, da mai riƙe kuɗin lebura har sai ya gaji da zuwa, da mai yaɗa maganar da ya san za ta kashe aure. Idan akwai irin wannan a jerinka, rubuta M ɗin. Harafi ɗaya ba ya mai da kai mugu, amma ɓoye shi yana lalata aikin gaba ɗaya.

Niyya tana da wurinta, tunda ayyuka da niyya suke. Sadakar da ka yi don a ɗauki hoto, ka fi kowa sanin ko A ce ko B.

Mataki na biyar: nemo gidanka

Ƙirga haruffan. Wanda ya fi yawa tsakanin Ƙ da Y da G shi zai nuna maka layin tsaye, wanda ya fi yawa tsakanin A da B da M ya nuna na kwance, inda suka haɗu nan ne gidanka. Sai dai ƙirge kaɗai bai isa ba, dole ka duba nauyi. Cin gonar marayu sau ɗaya ya rinjayi sadakar ƙosai sau ashirin.

Mai ƙa'ida mai alheri shi ne wanda ake ba ajiya, ake kira rabon gado, ake naɗa ma'ajin masallaci. Yana taimako, amma ta ƙofa, ba ta katanga ba. Rauninsa shi ne yakan tsaya jiran izini alhali abu na lalacewa. Mai gaban kansa mai alheri kuwa ba ya jira. Zai ɗauki marar lafiya a motar ofis ba tare da ya tambayi kowa ba, zai gaya wa babba gaskiya a gaban jama'a. Ana son sa, amma ba a cika ba shi riƙon kuɗin ƙungiya ba, kuma wani lokaci taimakonsa yakan bar baya da ƙura. Tsakaninsu akwai mai alherin da ke duba yanayi, wanda zai bi tsari idan tsarin na amfanar mutane, ya kauce idan ya zama cikas.

Layin tsakiya shi ne ya fi cika, kuma littafin wasan na 2014 ma ya sa mutane da yawa a gidan da ke tsakiyar tsakiya. Idan nan ka faɗa, kada ka ji kunya, kada kuma ka ji daɗi. Mutum ne mai cewa "ni dai a bar ni in nemi abincina", ba ya cuta, ba ya shiga faɗan da ba nasa ba. A hagunsa akwai ma'aikacin da ba ya karɓar na goro kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, ko da tsoho ya taso tun daga Kamba ya tarar an rufe da minti biyar. A damansa akwai wanda ba ya son a ba shi umarni, ba ya kuma ba kowa, yau yana nan gobe ya yi Legas.

A layin ƙasa, mugun da ke gaban kansa da mugun da ke duba inda riba take ba su da wuyar ganewa, kowa ya san su. Wanda nake so mai karatu ya tsaya a kansa shi ne mugu mai ƙa'ida, saboda shi ne ke zama a sahun gaba, kuma shi kansa bai san gidansa ke nan ba. Ya ba manomi bashi da bazara, aka rubuta, aka sa shaidu, fadama ce jingina. Ruwa ya zo ya cinye shinkafar. Manomin ya zo ya durƙusa ya ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri zuwa noman rani." Alhaji ya buɗe jaka ya fito da takarda ya ce, "Malam, ni ban san wannan ba, ga abin da muka rubuta." Bai yi ƙarya ba, bai ƙara ko sisi ba, kuma ya san sarai cewa dama fadamar yake so tun ranar da ya ba da kuɗin. Irin wannan mutum idan ka tambaye shi halinsa zai ce shi mai gaskiya ne, kuma a ma'auni ɗaya ya faɗi daidai. Amfanin raba ma'aunan biyu ke nan. A ganina, duk wanda ya sami Ƙ da yawa a jerinsa ya kamata ya sake bin su ɗaya-ɗaya yana tambaya: ƙa'idar nan da na tsaya a kai, ni ta kare ko wani?

Mataki na shida: kai wa shaidu

Gwano ba ya jin warin jikinsa, don haka kana bukatar mutum biyu su tsaya a matsayin mai ba da labarin nan na wasa. Ɗaya ya kasance na sama da kai wanda ya san ka tun kana yaro, ɗaya kuma na ƙasa da kai wanda ke cin abinci ta hannunka. Abokai ba su cika amfani a nan ba, don halinku ɗaya ne ya haɗa ku.

Kada ka nuna musu zanen, kuma kada ka tambaya ko kai mutumin kirki ne, domin amsar "wallahi ba ka da matsala" za ka samu. Tambayi abu takamaimai. Ga babba, bayan ka gaishe ta ka zauna, sai ka ce, "Goggo, don Allah tunda nake, wane hali nawa ne kike yi mini addu'ar in bari?" Za ta yi dariya ta kauce, sai ka yi shiru ka jira. Yawanci maganar takan fito ne bayan an sako wata hirar: "Kai dai ba ka da rowa, amma in ka ce gobe, sai a sa ran jibi." Ka ga ta ba ka A, ta kuma cire maka Ƙ.

Na ƙasa ya fi wuya, saboda yana tsoron bakin aikinsa. Ɗauko masa rana guda daga jerinka: "Ranar da na cire maka kuɗin kayan da suka fashe, tsakani da Allah ya ka gani?" Idan ya ce, "Maigida, ai ba komai," ya sunkuyar da kai, ka sami amsa. Kada ka kare kanka, kada ka yi bayani, kada kuma gobe ka canza masa fuska. Idan ka san ba za ka iya jurewa ba, bar wannan tambayar, ka kuma rubuta rashin juriyar a cikin jerinka.

Idan shaidun suka saɓa da ƙirgenka, matsa zuwa wajen da suka nuna, musamman abin da na ƙasa ya nuna.

Mataki na bakwai: rubuta bayanin kanka

Sunan gida kaɗai ba bayani ba ne. Rubuta jimla huɗu ko biyar da suka ƙunshi gidan da kake, gidan da kake karkata zuwa gare shi idan an matsa maka, hujja ɗaya ko biyu, da inda kake so ka koma. Ga misalin yadda mai sana'ar POS zai iya rubutawa:

"Ni mai duba yanayi ne, ɗan ba-ruwana. Ba na cin kuɗin da aka turo bisa kuskure, na sha mayarwa. Amma lokacin ƙarancin kuɗi na caji mutane yadda kowa ke caji, har da waɗanda na san magani za su saya, kuma a lokacin na gangara layin ƙasa. Alkawarina da manya yana tsayawa, da yara kuwa ba koyaushe ba. Ina so in hau layin alheri."

Wanda ya karanta wannan ya san mutumin fiye da wanda aka ce masa "yana da kirki". Wasu za su ga suna da gida biyu, ɗaya a kasuwa ɗaya a cikin gida. Rubuta duka biyun, kada ka haɗa su ka raba.

Zanen nan ba mizanin lahira ba ne, kuma waɗanda suka ƙirƙiro shi don wasa suka yi. Bai san kunya ba, bai san haƙuri da kawaici ba, bai san tuba ba, alhali a wurinmu waɗannan suna cikin ginshiƙan hali. Abin da yake yi shi ne taimaka wa tsohon aikin nan na yi wa kai hisabi, wanda aka ruwaito Sayyidina Umar yana kira a yi kafin ranar da za a yi wa mutum. Shi ya sa ban yarda da ɗora sunan maƙwabci ko kishiya ko shugaban ofis a gidajen a watsa a WhatsApp ba. Ba ka da jerin ayyukansu na ɓoye, kuma abin da ka yi sunansa gulma.

Mataki na takwas: matsa gida ɗaya

Ana cewa hali zanen dutse, amma a wasan jarumi yana sauya gida ta hanyar ayyukansa, kuma na yarda mutum ma haka ne, sai dai a hankali. Zaɓi ma'auni ɗaya kawai. Idan alheri kake nema, ɗauki mutum ɗaya daga cikin waɗanda ka sa wa M, ka mayar masa da haƙƙinsa ko ka nemi gafararsa. Idan ƙa'ida kake nema, ɗauki alkawari ɗaya da kake yawan saɓawa, kamar zubin adashi ko kuɗin lebura, ka sa masa ranar da ba ta motsi. Idan kuwa ƙa'idarka ce ta yi tsauri har tana danne mutane, nemi wuri ɗaya da kake da ikon yafewa ka yafe.

Sa kwanan wata a takardar, ka soke sunayen mutanen da ka ambata, ka ajiye ta inda ba mai gani. Bayan wata shida, ko da kaka idan an gama biyan basussuka, ko a ƙarshen Sha'aban, sake sabon jeri da ayyukan da suka faru bayan wancan zaman kaɗai, ka koma wurin shaidun nan biyu, sannan ka ɗauko tsohuwar takardar ka kwatanta.